Yadda Za Ka Mayar da Kiraye-kirayenka Kan Intanet Ba Tare da Ka Rasa Layinka Ba

Har zuwa shekarar 2000, Najeriya mai mutum fiye da miliyan 100 ba ta da layukan tarho masu aiki da suka wuce kimanin 400,000, kuma kusan dukkansu na NITEL ne, kamfanin gwamnati da aka kafa a 1985. Wanda yake son ya ji muryar ɗan'uwansa da ke Jidda ko Landan sai ya je ofishin tarho ya bi layi, ko kuma ya roƙi arziki a gidan wani mai hali, talaka kuwa wasiƙa yake aikawa, ko ya naɗi gaisuwarsa a kaset ya ba matafiyi ya kai masa. A watan Janairun 2001 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, ta yi gwanjon lasisin wayar salula a kan dala miliyan 285 kowanne, kuma a watan Agustan wannan shekara Econet da MTN suka fara aiki. A farkon lamari layi kaɗai yakan kai naira 20,000 ko fiye, minti ɗaya na kira kuwa naira 50 ne ko da daƙiƙa biyar mutum ya yi, har sai da Globacom ta shigo a 2003 da lissafin daƙiƙa-daƙiƙa, sauran kamfanonin suka ga ba su da mafita sai su bi sahu. Cikin 'yan shekaru wayar girke ta zama kayan tarihi, NITEL ta durƙushe, aka sayar da kadarorinta ga wani kamfani, wanda ya fara aiki da sunan ntel a 2016.

Abin da wayar salula ta yi wa wayar girke shi ne kiran intanet yake yi wa kamfanonin salular a yau. Skype ta fito a 2003 ta fara cin kasuwar kiran ƙasashen waje ta hanyar kwamfuta, sannan WhatsApp ta ƙara kiran murya a 2015 da kiran bidiyo a 2016, ta sa abin ya koma aljihun kowa. A 2024 kuɗin da MTN ta samu daga sayar da data a Najeriya ya zarce wanda ta samu daga kira, alhali kira ne ginshiƙin kasuwancinta tun kafuwarta. Ita kanta Skype, wadda Microsoft ta saya a kan dala biliyan 8.5 a 2011, an rufe ta a watan Mayun 2025, bayan wasu manhajoji sun sha gabanta. A Ingila ma an tsayar da watan Janairun 2027 a matsayin lokacin kashe tsohon tsarin wayar girke, a mayar da layukan gidaje kan intanet. Saboda haka magidanci ko ɗan kasuwa da har yanzu yake ƙone katin waya a dogayen kiraye-kiraye yana biyan kuɗin da ba dole ba ne ya biya, amma wanda ya yi watsi da layinsa na asali gaba ɗaya shi ma yana shirya wa kansa wata asarar, kuma wannan jagora yana bayani ne a kan yadda za a riƙe biyun kowanne a inda ya dace.

Yana da kyau a fahimci dalilin arhar tun farko, domin shi ne zai nuna maka inda kiran intanet yake da amfani da inda ba shi da shi. A tsohon tsari, idan ka kira mutum, kamfani yana keɓe muku hanya guda daga wayarka zuwa tasa har ku gama magana, kuma idan kiran ya tsallaka iyaka sai kamfaninka ya biya kamfanin waccan ƙasa ladan isar da shi, wanda a ƙarshe daga aljihunka yake fitowa. Wannan ne ya sa kira daga Katsina zuwa Maraɗi, tafiyar da ba ta kai ta Katsina zuwa Kaduna ba, ake lissafa shi a matsayin kiran ƙasar waje. A kiran intanet kuwa, manhaja tana yayyanka muryarka zuwa ƙananan ƙunshin bayanai, ta tura su ta hanyar da saƙonni da hotuna suke bi, wayar wanda ka kira ta harhaɗa su ta mayar da su murya. Kamfanin layinka ba ya lissafa nisa ko ƙasa, nauyin bayanan da suka wuce kawai yake cirewa daga datarka, shi ya sa kiran maƙwabcinka da kiran wanda yake Kanada kuɗinsu ɗaya ne.

Matakin farko shi ne ka buɗe jerin kiraye-kirayen da ka yi a wata guda, ka dube shi da idon basira. Za ka tarar mafi yawan kuɗinka yana tafiya ne a kan mutane ƙalilan: iyaye, mata ko miji idan aiki ya raba ku gari, ɗa da ke karatu a wata jiha ko wata ƙasa, da abokan ciniki biyu ko uku. Waɗannan su ne za ka mayar kan intanet. Gajerun kiraye-kiraye na "ina kake" da "gani nan zuwa" kuwa babu wata riba a wahalar da kai a kansu, kiran layi ya fi sauri, kuma yana shiga ko da wanda ka kira bai kunna data ba.

A nan akwai wani sauyi da mutane da yawa ba su lura da shi ba, kuma shi ne yake kawo rashin fahimta a cikin iyali. A kiran layi mai kira ne kaɗai yake biya, wanda aka kira ba ya asarar ko kwabo, abin da ya sa al'adar filashin ta kafu: ƙarami ya taɓa lambar babba ya katse, babba ya kira shi. A kiran intanet kuwa ɓangarorin biyu duk suna cin data. Idan ka kira mahaifiyarka a ƙauye ta WhatsApp kuka yi rabin sa'a, datarta ma ta ragu kamar yadda taka ta ragu, kuma idan ta ƙare ba lallai ne ta gaya maka ba, sai dai ka riƙa kira kana ganin ba ya shiga. Don haka duk wanda ya yanke shawarar mayar da hirarsa da dattawan gidansu kan intanet, ya sa kuɗin datarsu a cikin lissafinsa na wata, ya riƙa saya musu kai tsaye ta manhajar bankinsa ko ta hanyar kyautar data da kamfanoni suke da ita, kuma ya zaɓi tsarin wata guda maimakon na yini ko na mako, wanda yake ƙarewa ba a ankara ba. Ya kuma samu wani yaro mai natsuwa a gidan ya nuna masa yadda ake kunna data da yadda ake ɗaga kira, domin dattijuwar da ta saba danna koren maɓalli a ƙaramar waya takan sha wahalar jan alamar da ke kan gilashin babbar waya, sau da yawa kiran yana yankewa tana ta dannawa maimakon ja. A zauna da ita a gwada sau uku ko huɗu, a kira ta daga ɗaki zuwa tsakar gida har hannunta ya saba.

Bayan haka sai batun sabis. Ka dubi saman fuskar wayarka kusa da sandunan sabis yayin da data take kunne. Idan harafin E ne ya bayyana, kana kan tsohon tsarin 2G, kuma kira zai riƙa sarƙewa yana yankewa. Idan H ne ko H+ kiran murya zai yi, idan kuwa 4G ne ko LTE to har bidiyo zai tafi lafiya. Abin da kiran intanet ya fi buƙata shi ne sabis mai tsayawa daram, ko da ba mai gudu ba ne sosai, domin ƙunshin muryar da ya makara a hanya ba shi da sauran amfani, shi ne kake jin magana ta tsinke ko ta koma kamar ta mutum-mutumi. Idan wayarka tana ɗaukar 4G amma ba ka taɓa ganin alamar ba, mai yiwuwa layin ne tsoho, sai ka je ofishin kamfanin da lambarka ta shaidar ɗan ƙasa, wato NIN, a sauya maka shi ba tare da lambar wayar ta canza ba. Ka kuma zagaya gidanka ka gano inda sabis ya fi ƙarfi, wanda galibi bakin taga ne ko tsakar gida, domin rufin kwano da katanga mai kauri suna rage shi. Idan kamfanin da kake kai ba shi da ƙarfi a unguwarku, tun 2013 NCC ta ba da damar mutum ya koma wani kamfani da lambarsa, ko kuma ka bar tsohon layin don kira ka sa na biyu don data, tunda yawancin wayoyin da ke kasuwa masu layi biyu ne.

Lissafin data ba shi da wuya. Kiran murya a WhatsApp yana cin ƙasa da megabayit ɗaya a minti, ke nan gigabayit ɗaya zai iya ba ka fiye da minti 1,000, wato sama da sa'o'i 16 na magana, kuma ko bayan ƙarin kashi 50 cikin ɗari da NCC ta amince wa kamfanoni a watan Janairun 2025, babu tsarin kiran layi da zai ba ka wannan adadi zuwa ƙasar waje a kan kuɗin gigabayit ɗaya. Kiran bidiyo kuwa yana cin ninkin wannan sau da yawa, don haka hanya mafi kyau ita ce a buɗe kyamara a farkon hira a gaisa, a nuna jariri ko kayan da ake ciniki, sannan a rufe ta a ci gaba da murya. A cikin saitin WhatsApp, a sashen Storage and data, akwai maɓallin rage cin data lokacin kira, ka kunna shi. A wannan sashen ne kuma za ka hana hotuna da bidiyon zaurukan da kake ciki sauka da kansu. Mafi yawan masu kukan cewa kira yana cinye musu data, idan aka duba, bidiyon zaure ne da sabunta manhajoji a ɓoye suke cinye ta. Tun 2023 NCC ta daidaita gajerun lambobi a dukkan kamfanoni, saboda haka ko wane layi kake riƙe da shi, *323# zai nuna maka ragowar datarka, *312# ya buɗe maka tsare-tsaren saye, *310# kuma ya nuna kuɗin kira.

Ka adana lambobi da lambar ƙasa a gabansu, domin da ita manhajar take gane mutum. Ta Najeriya +234 ce, ana cire sifirin farko na lambar. Ta Nijar +227, sai lambobi takwas su biyo baya. Gana +233, Kamaru +237, Chadi +235, Sudan +249, Saudiyya kuma +966.

Ba kowace manhaja ce take aiki a kowace ƙasa ba, kuma wannan ya shafi 'yan kasuwar Kantin Kwari da Sabon Gari da suke hulɗa da ƙetare kai tsaye. A Sin an toshe WhatsApp, WeChat ce hanyar magana da masu kaya a Guwanzu, don haka a buɗe ta tun ana gida kafin tafiya. A Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa saƙon rubutu na WhatsApp yana tafiya amma an taƙaita kiran murya da na bidiyo, sai ta manhajojin da hukumomin ƙasar suka amince da su irin su Botim. Dalilin irin wannan mataki a wasu ƙasashe bai rasa nasaba da kare kuɗin shigar kamfanonin waya ba, wanda shi ma shaida ne na yadda kiran intanet ya girgiza su. Ƙa'idar da ba ta ɓaci ita ce ka tambayi wanda yake zaune a ƙasar wace manhaja ce take yi musu aiki a yanzu, ka sauke ta, ku gwada kira kafin ranar da za a buƙace ta. Matafiyi, ko maniyyaci ne ko ɗan kasuwa, ya kashe datar layin gida kafin jirgi ya sauka domin kuɗin amfani da ita a ƙasar waje yana da tsada ƙwarai, ya sayi layin ƙasar da ya je don data. Idan ya sa sabon layin, WhatsApp ɗinsa zai ci gaba da aiki da lambarsa ta gida, kuma idan manhajar ta tambaye shi ko zai sauya lamba ya ce a'a, in ba haka ba iyalinsa za su riƙa neman sa a lambar da ya riga ya bari.

Wanda yake ƙasar waje kuma yana son kiran ɗan'uwan da ƙaramar waya kaɗai gare shi yana da hanya ta tsakiya. Manhajoji irin su Rebtel da Viber Out suna ɗaukar kiran ta intanet har zuwa ƙasar da ake nema, sannan su miƙa shi ga layin gida, wayar can ta yi ƙara kamar kowane kira. Ana biyan kuɗi, domin dole a biya kamfanin da ya isar da kiran, amma galibi bai kai na kiran kai tsaye ba. A sanar da wanda za a kira tun da wuri cewa wata baƙuwar lamba tana iya bayyana a wayarsa, don kada ya ƙi ɗagawa.

Akwai ɗan jinkiri tsakanin furta magana da isarta a kiran intanet, musamman idan sabis ya yi rauni, kuma gaisuwarmu mai tsawo, wadda ake tambaya ana amsawa a jere, ita ce ta fi shan wahalarsa: kana cewa "ina gajiya" shi kuma amsar "ina kwana" ce take iso maka, sai ku riƙa hawa kan maganar juna. Maganinsa shi ne ka ɗan dakata bayan kowace tambaya, kuma idan da babba kake magana ka bar shi ya kai aya kafin ka karɓa, kada jinkirin na'ura ya sa ka zama mai katse dattijo. Idan kiran ya ƙi daidaituwa bayan gwaji biyu, ka koma saƙon murya, wanda yake jira har sabis ya dawo sannan ya tafi, kuma ya fi dacewa da wanda bai iya karatu ba. Don shawarar iyali kan biki ko rabon gado ko jinyar mara lafiya, kiran rukuni na WhatsApp yana ɗaukar mutum har 32, sai dai a sa lokaci tun da wuri tare da la'akari da bambancin sa'o'i tsakanin ƙasashe, kuma kowa ya rufe makirufonsa idan ba shi yake magana ba.

Batun tsaro ya cancanci a tsaya a kansa sosai, domin a nan ne mutanen kirki suke tafka asara. Tun 2016 kiran WhatsApp a kulle yake daga waya zuwa waya, ta yadda kamfanin layi ba ya iya sauraron abin da ake faɗa, amma ɓarayin yau ba sauraro suke yi ba, asusun gaba ɗaya suke sacewa. Yadda suke yi kusan iri ɗaya ne kullum. Wani zai kira ka da ladabi, ya ambaci sunan wani zaure da kake ciki, na tsofaffin ɗalibai ko na masallaci ko na 'yan kasuwa, ya ce za a yi taro ta intanet da daddare kuma an turo maka lambar shiga, ka karanto masa. Lambobi shidan da suka shigo wayarka a wannan lokacin su ne mabuɗin asusunka, shi ne ya sa lambarka a tasa wayar ya sa aka turo su, kuma da zarar ka karanta masa, WhatsApp ɗinka zai rufe a hannunka ya buɗe a nasa, ya shiga aika wa 'yan'uwanka saƙon cewa kana cikin matsala a turo kuɗi. Kada ka karanta wa kowa wannan lamba, ko da ya ce daga kamfani yake. Ka shiga saiti, sashen Account, ka kunna Two-step verification, ka sa lambar sirri mai alƙaluma shida wadda ba shekarar haihuwarka ba ce, ka haɗa da adireshin imel da kake iya buɗewa, kuma ka yi wa iyayenka da matanka haka a wayoyinsu a yau ɗin nan. Idan an riga an sace, ka sake yin rajista da lambarka nan take, sabuwar lambar da za a turo wa layinka za ta fitar da ɓarawon, sai dai idan ya riga ya sa tasa lambar sirrin, wanda zai sa ka jira kwana bakwai. A wannan tsakanin ka sanar da mutanenka ta kiran layi. Duk saƙon neman kuɗi da ya zo maka da sunan wani na kusa, ka kira shi ta layi ka ji muryarsa kafin ka tura ko naira ɗaya.

Wannan ya kawo mu ga dalilin da ya sa bai kamata a bar layi ya mutu ba. Ba a kiran lambar gaggawa ta 112 ta WhatsApp. Saƙon banki da lambar tabbatar da cire kuɗi da hada-hadar da ake yi da gajerun lambobi duk ta layi suke bi. Intanet kuma tana ɗaukewa: ranar 4 ga Oktoban 2021 WhatsApp da Facebook da Instagram sun tsaya cak na kimanin sa'o'i shida a duniya baki ɗaya, sannan ranar 14 ga Maris na 2024 wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku, wato WACS da ACE da MainOne da SAT-3, sun lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, abin da ya jefa Najeriya da Gana da maƙwabtansu cikin matsalar da ta ɗauki kwanaki. A irin waɗannan ranaku wanda yake da 'yan kuɗin kira a layinsa shi ne yake iya neman likita ko direba. Ɗan kasuwa ma ya tuna cewa da yawa daga masu sayen kayansa na karkara ƙaramar waya ce a hannunsu, don haka lambar da ke jikin allon shagonsa ta kasance wadda ake samu ta hanyoyin biyu.

Abu na ƙarshe, wanda ya fi shafar mazauna ƙetare da masu layuka barkatai, shi ne cewa layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba kamfani yana rufe shi, daga baya ya sayar wa wani da lambar. Sabon mai lambar yana iya buɗe WhatsApp da ita ya tsinci kansa a zaurukanka, kuma saƙonnin bankinka su riƙa zuwa hannunsa. Don kauce wa haka, ka tabbata layin yana haɗe da NIN ɗinka kamar yadda aka wajabta tun Disambar 2020, ka riƙa sa masa kati kana yin kira ko aika saƙo da shi aƙalla sau ɗaya a wata, ko ka bar shi a hannun amintaccen ɗan'uwa da zai riƙa yi maka hakan. Idan kuwa ka yanke shawarar rabuwa da lambar, ka fara zuwa banki ka sauya ta, sannan ka shiga sashen Account na WhatsApp ka yi amfani da Change number yayin da sabon layin yake cikin wayarka, domin zaurukanka da bayanan asusunka su koma sabuwar lambar, a kuma sanar da waɗanda ka zaɓa cewa ka sauya.